Bidiyon koyar da harshen Samowa: wane furuci za a ɗauka?

Ɗaliban da ke ɗaukar bidiyo a aji domin koyar da harshen Samowa ta intanet suna fuskantar zaɓi tun daga kalmar farko. Harshen yana da salon furuci biyu: na rubutu, majami'a da makaranta, mai riƙe da t da n, sai na hirar gida da jawaban gargajiya, inda t ke komawa k, n ta koma ŋ. Wato tama, "yaro", a gida kama ake ji. In bidiyo ya tsaya ga salon littafi, yaron da aka haifa a Niyu Zilan zai iya karatu, amma hirar kakanninsa ta ɗaure masa kai. Mafita ita ce a furta kowace kalma da salo biyun, a kuma bayyana muhallin kowanne.