Darasi: Yadda Ƙyanda Take Bin Iska a Manyan Gine-gine

Ya ku iyaye da malamai, sau da yawa mukan ji ana tambaya: yaya yaro zai kamu da ƙyanda, wato baƙon dauro, alhali bai taɓa mai ciwon ba, bai ma gan shi ba? Amsar tana cikin iskar da muke shaƙa tare.

Abin da ya faru a wata makaranta

A shekarar 1974, a wata makarantar firamare da ke Jihar New York ta Amurka, wata yarinya 'yar aji biyu ta zo makaranta ɗauke da ƙyanda. Daga gare ta yara 28 suka kamu, a azuzuwa 14 daban-daban. Da masana suka bincika, sai suka gano cewa na'urar da take zagayawa da iska a ginin ce take ɗebo iskar ajin yarinyar, tana raba wa sauran azuzuwa. A 1978 suka wallafa wani lissafi, wanda ake kira lissafin Wells da Riley. Har yau ana amfani da shi wajen ƙiyasta yawan mutanen da za su iya kamuwa a cikin gini. Masana na yanzu kuma sukan zana gini a kwamfuta, ɗaki bayan ɗaki, su bi sawun iska ta ƙofofi da tagogi da matakala, domin su ga inda take taruwa.

Me lissafin yake dubawa?

1. Yawan masu ciwon da suke ciki. Mai ƙyanda yakan fara yaɗa ta kimanin kwana 4 kafin ƙuraje su fito. Tari da atishawa da ɗaga murya suna ƙara yawan ƙwayoyin cutar da yake fitarwa.

2. Tsawon zama. Gwargwadon daɗewar mutum a ɗaki, gwargwadon iskar ɗakin da yake shaƙa.

3. Sabuwar iskar da take shigowa. A rufaffen ɗaki, ƙwayar ƙyanda tana iya zama a iska har awa 2 bayan mai ciwon ya fita.

4. Yawan waɗanda ba su da kariya. Cikin mutum 10 marasa kariya da suka zauna da mai ƙyanda, har 9 suna iya kamuwa.

Ina ruwanmu da wannan?

Masallatanmu da makarantunmu da ɗakunan jira na asibiti duk wuraren taruwa ne. Lokacin hunturu mukan rufe tagogi saboda sanyi da ƙura, yara su cunkushe wuri ɗaya, kuma da rani ne ƙyanda ta fi yawa a ƙasashenmu.

Abin da ya kamata mu yi

Mu buɗe tagogi masu fuskantar juna domin iska ta ratsa. Fanka a rufaffen ɗaki juya tsohuwar iska kawai take yi. Mu rage cunkoso, mu fita da karatu inuwa idan da hali. Yaron da yake da zazzaɓi da tari da jan ido, a kai shi asibiti, kada a tura shi makaranta.

Sai dai ba ma iya gane mai ciwo tun da wuri, kuma iska ba ta tsayawa a bakin ƙofa. Abu na huɗu ne ya fi zama a hannunmu. Allurar ƙyanda sau biyu tana kare kimanin yara 97 cikin 100. A Nijeriya ana yin ta farko a wata 9, ta biyu a wata 15. Iyaye, mu duba katin rigakafin 'ya'yanmu yau. Malamai, ku tunatar da jama'a. Rigakafi ya fi magani.