Abin murɗa sautin gita

A Agiye kowane yaro ya san abin murɗawa na rediyo: a murɗa dama, murya ta ƙaru, a murɗa hagu, ta ragu. Gita mai lantarki, irin wadda Bombino na Agadas yake kaɗawa, ita ma tana da shi. Gitar Stratocaster, wadda kamfanin Fender na Amurka ya fitar a 1954, uku gare ta: ɗaya na ƙarfin sauti, biyu na kaifinsa.

Ƙarƙashin kowane akwai ƴar na'ura, sunanta potansiyometir. Cikinta akwai layin gawayi, da harshen ƙarfe mai zamewa bisansa. Inda harshen ya tsaya, shi ke ƙayyade lantarkin da zai wuce zuwa amsa-kuwwa.

Mai gyara yakan zura wuyan na'urar cikin hudar gita, ya ɗaure da noti, ya liƙa wayoyi da dalma. Daga baya ya sa mata hular roba a hankali. In noti ya yi sako-sako, sai na'urar duka ta juya, waya ta tsinke, gita ta yi shiru tsakiyar biki.

Tambayoyi
1. Mene ne aikin harshen ƙarfe?
2. Don me ake ɗaure noti tamau?