HUKUNCIN MALLAKAR GIDAN HAYA A MUSULUNCI

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a da can ba a san haya sosai a ƙasar Gaya da Ajingi ba, domin baƙo a gidan mai unguwa ko gidan fatoma yake sauka. Amma tun da garuruwan nan biyu suka zama hedkwatar ƙananan hukumomi, aka buɗe jami'a a Wudil a 2001, Gaya kuma ta sami masarauta a 2019, sai malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da 'yan kasuwa suka yi ta neman ɗakin kwana da rumfar ciniki. Saboda haka manomi ko ɗan kasuwan da Allah Ya hore wa abin hannu yakan yi sha'awar gina gidan haya. Wannan sana'a halal ce, matuƙar an kiyaye iyakokinta.

Abu na farko shi ne asalin filin. Yawancin filayen karkara gado ne, wasu kuwa har yau ba a raba su ba. Ba ya halatta babban wa ya sayar da rabon ƙannensa mata ko na marayu ba da haƙƙi ba. Buhari da Muslim sun ruwaito gargaɗi mai tsanani a kan wanda ya ci ko da taƙi guda na ƙasar wani. Har wa yau, a mazhabar Imamu Malik, idan ɗaya daga cikin masu tarayya ya sayar da rabonsa kafin a raba, abokin tarayyarsa yana da haƙƙin shuf'a, watau ya biya kuɗin ya karɓe rabon daga hannun mai saye. Lalle ne mai saye ya binciki magada da dagaci da maƙwabtan iyaka, ya kafa shaidu, a rubuta. Sa'an nan ya nemi takardar hukuma, domin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sanya ƙasar jiha a hannun gwamna, ta bai wa ƙaramar hukuma ikon ba da izinin zama a filayen karkara.

Na biyu shi ne asalin kuɗin. Aya ta 275 ta Suratul Baƙara ta halatta ciniki ta haramta riba, don haka gidan da aka gina da bashi mai ruwa an ɗora shi a kan haram. A nan ne ya kamata a yi hattara da wata al'ada ta jingina, inda mutum zai ba da rance ya riƙe gonar ɗan'uwansa yana nomawa, ko gidansa yana karɓar haya, alhali kuwa bashin yana nan bai ragu ba. Malamai sun bayyana cewa rancen da ya jawo wa mai shi amfani riba ne. Wanda ƙarfinsa bai kai ba ya fara da ɗaki ɗaya ko biyu, ko ya yi tarayya da wani amintacce bisa rabo sananne.

Na uku shi ne ƙulla hayar kanta. Risala ta Ibnu Abi Zaid da Muhtasar na Halil, waɗanda ake karantawa a zaurukan malamai, sun yi bayaninta. Sharaɗi ne a san gidan, a san kuɗin, a san wa'adin. Haya ba ta warwarewa don mutuwar mai gida ko ɗan haya, magada ne za su ci gaba har wa'adi ya cika. Amma idan gidan ya rushe ta warware. Idan damina ta ɓata ɗaki har zama ya gagara, ba a tilasta wa mai gida gyara, sai dai ɗan haya yana da zaɓin ya tashi, ba kuwa za a ci kuɗin kwanakin da bai zauna ba. Ɗan haya amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace sai in ya yi sakaci ko ganganci. Haramun ne a bayar da gida ga wanda aka san zai mai da shi wurin caca ko mashaya. Game da gona kuwa, Malikiyya sun hana a yi hayarta da abinci ko da abin da ƙasa ke tsirarwa na amfanin gona, amma ya halatta da kuɗi.

Na huɗu shi ne zakka. Babu zakka a kan ginin da aka ajiye don haya. Kuɗin hayar ne ake dubawa: idan ya kai nisabi, watau dinari 20, kimanin giram 85 na zinariya, ya kuma shekara a hannu, sai a fitar da ɗaya bisa 40. Wanda ke sayen filaye don ya sayar, hukuncinsa na kayan fatauci ne.

Daga ƙarshe, aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta yi umarni a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Ma'aikacin da albashinsa ya makara bai cancanci a watsa masa kaya a titi ba, shi kuma mai hali da ke jan kafa wajen biya ya yi zalunci.

Allah Ya azurta Musulmi da halal, Ya sa albarka a cikinta, amin. Allah ne Mafi sani.