Adireshin Na'urori a Intanet: Daga Tsohon Tsari Zuwa Sabo

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, saboda matsalar tsaro. A nan jama'a suka ga muhimmancin layi. To amma layi kaɗai bai wadatar ba, domin kowace waya ko kwamfuta tana bukatar adireshi kafin saƙo ya iso gare ta.

Tsohon tsarin adireshi, wato IPv4, an shimfiɗa shi ne a 1981. Kowane adireshi jeri ne na gurabu 32, kowane gurbi kuwa sifili ne ko ɗaya. Idan aka ninka 2 da kansa har sau 32, za a sami adireshi 4,294,967,296. A wancan zamani an ɗauka sun wadatar, amma yau mutanen duniya sun haura biliyan 8. A watan Fabrairu na 2011 babbar ma'ajiyar duniya ta ƙare. Hukumar AFRINIC da ke Mauritius, mai raba wa Afirka adireshi, ta soma tsimin nata kason a 2017.

Don rage wannan ƙunci, kamfanonin sadarwa kan haɗa wayoyi masu yawa a kan adireshi guda, kamar yadda ɗaliban makarantar kwana suke tarayya a akwatin gidan waya ɗaya. Dabara ce mai amfani, sai dai tana ƙara wa masu rarraba saƙo aiki.

Sabon tsari, IPv6, wanda aka fara bayyanawa a 1995, yana da gurabu 128. Adireshinsa sun kai kimanin 340 da sifili 36 a bayansa. Matsalar ita ce, tsarin biyu ba sa jin harshen juna. Saboda haka ake bin hanyoyi uku: na'ura ta riƙe adireshi iri biyu, ko a naɗe saƙon sabon tsari cikin na tsoho, kamar wasiƙa a ambulan, ko kuma a sa wata na'ura ta yi tafinta tsakaninsu.

Wannan sauyi ya fi shafar garuruwan da suka makara wajen shiga intanet, domin sun tarar an riga an raba tsofaffin adireshi. Makarantar da za ta sayi kayan intanet a Faskari ko Sabuwa ya kamata ta fara tabbatar da cewa suna aiki da IPv6.

Aikin aji: ɗalibai su lissafa yawan adireshin da gurabu 8 za su bayar.