Fetur Mai Haɗin Itanol da Tsohuwar Mota

Malam daga Rigasa, ka tambaya ko fetur mai haɗin itanol zai dace da tsohuwar Peugeot ɗinka ƙirar 504. To, a yi hattara. Itanol, da ake tatsowa daga rake ko rogo, yana janyo danshi. Ruwa ya kwanta gindin tanki, tsatsa ta biyo baya. Yana kuma cin robar tiyo da ta kafireta, irin ta motocin 504 da aka fara haɗawa a Kakuri a 1975. Sababbin motoci kuwa suna shan haɗin kashi 10 cikin 100 lafiya lau.

Ba tsohuwar mota kaɗai haɗin ke yi wa illa ba. Ƙananan jiragen sama fa? Yawancinsu nasu man daban ne. A can sama haɗin yakan zama tururi ya toshe hanyar mai, ga shi babu gefen titin da za a faka.