Gayyar Kwamfutoci: Yadda Ake Koya wa Manhajoji Da Yawa a Lokaci Guda

Darasinmu na wannan mako a kan ƙirƙirarriyar basira yake.

Manhaja mai koyo ba a haddace mata amsa. Misalai ake ba ta masu yawa, kamar hotunan ganye mai lafiya da mai cuta, har ta iya bambancewa da kanta. Wannan koyo yana cin lokaci da wutar lantarki. Shi ya sa masana ke yin abin da mu muka sani da gayya: maimakon a koya wa manhaja ɗaya, a jira ta gama, sannan a ɗauko wata, sai a sa su duka aiki tare.

Mu ɗauka muna da manhajoji 100, kowace tana buƙatar minti 2. In ɗaya bayan ɗaya ne, minti 200 ke nan, fiye da awa uku. Amma ƙwaƙwalwar kwamfutocin yanzu ta kasu gida-gida. In gida huɗu ce, kowane gida ya ɗauki 25, a minti 50 an tashi. Sai dai akwai sharaɗi: kada wata manhaja ta zama tana jiran sakamakon wata. In tana jira, gayya ba ta yiwuwa, don ba a tuƙa tuwo kafin ruwa ya tafasa.

To, me za a yi da manhajoji har 100? Ƙuri'a suke jefawa. A shekarar 2001 wani masanin lissafi a Amurka, Leo Breiman, ya bayyana wata hanya da ake wa laƙabi da daji, saboda kowace manhaja a cikinta kamar bishiya take mai rassan tambayoyi. Kowace bishiya ana ɗibar mata nata misalan daban, sannan a bi amsar da ta fi rinjaye.

Nan ne wurin da ya fi ba mu sha'awa. A ce manhajoji uku ne, kowace tana cin 70 cikin 100. In kuskurensu bai da alaƙa da juna, rinjayen biyu cikin uku zai ci kusan 78 cikin 100. Masu son lissafi su gwada da biro. Amma in duk ukun abu ɗaya suka koya, wuri ɗaya za su faɗi, kamar ɗalibai uku da suka kwafi takardar mutum ɗaya. Suna nan a 70 ɗinsu, an yi asarar wuta a banza. A ganinmu bambancin ya fi yawan muhimmanci.

A 2006 kamfanin Netflix ya sa gasar dala miliyan ɗaya ga wanda zai inganta hasashen finafinan da mutane za su so da kashi 10 cikin 100. Ƙungiyar da ke gaba a 2007 ta haɗa sakamako 107 wuri guda. Sai a 2009 aka cinye gasar, bayan ƙungiyoyi uku sun haɗe. Kamfanin ya biya kuɗin, amma daga baya ya ce bai yi amfani da haɗin ƙarshen ba, don wahalar ɗora shi a kan aiki ta fi ribar da zai kawo.