Shan Kwana: Gajeren Babur Ko Dogo?

A wannan ɗan nazari ina so in gwada abin da muke yawan faɗa a aji amma ba mu cika aikatawa ba, wato bayyana kimiyya da Hausar da ake ji a bakin titi. Na zaɓi batun shan kwana da babur. Ita kanta kalmar ararriya ce daga Ingilishi, kuma jinsi na raba ta da takwararta ta gado: muna cewa kwanan wata, amma Kwanar Ɗangora.

Duk wanda ya san Madalla, wadda ke gindin Dutsen Zuma a kan hanyar Abuja zuwa Kaduna, tsakanin Zuba da Suleja, ya san gari ne na babura. Tun da aka hana acaɓa a tsakiyar birnin Abuja a 2006, zamanin ministancin Nasiru el-Rufa'i, sana'ar ta ƙara komawa garuruwan gefe irin wannan. A bakin samarin garin nakan ji ana cewa babur in ya yi ƙasa ya fi "kama ƙasa" a kwana, har mai babur ɗin tsere kan so makanike ya rage masa tsayi. A ganina wannan magana ta mota ce aka jingina wa babur.

Mota ba ta kwantawa cikin kwana. Ƙarfin juyawa ne ke tura ta waje, don haka in nauyinta ya yi ƙasa sai ta fi wuyar kifewa. Shi kuwa babur dole ya kwanta, kuma abu biyu ne ke yanke iyakar kwanciyar da yake bukata: gudunsa da faɗin kwanar. Tsayinsa kusan bai shiga lissafin ba. Mu ƙaddara kwana ce wadda daga tsakiyar da'irarta zuwa inda taya ke bi mita 30 ne. Mai gudun kilomita 40 a awa zai kwanta kimanin digiri 23. A kilomita 50 sai digiri 33, a kilomita 60 kuwa digiri 43. Mai karatu ya lura, ƙarin gudu kaɗan ne ke cin kwanciya mai yawa. Gajere da dogo duk wannan bashin ake bin su. Hasali ma in tayar mai faɗi ce, irin ta baburan tsere, gajeren sai ya ɗan fi dogon kwantawa kafin ya sha kwana iri ɗaya.

To ina bambancin yake? Yana ga sararin da ke tsakanin kwalta da ƙarafunan babur: matakin ƙafa, salansa da sitan. A ce matakin ƙafa na da tsayin santimita 30 daga ƙasa, kuma bakinsa ya fito santimita 30 daga tsakiyar babur. Ba zai taɓa kwalta ba sai an kwanta digiri 45. A rage tsayin da santimita 5 kacal, sai ya taɓa a wajen digiri 40. Ke nan waccan kwana ta kilomita 60 dogon zai wuce ta da kyar, gajeren kuwa ƙarfe zai ci ƙasa. Matakin da ke naɗewa gargaɗi kawai yake yi. Amma in salansa ko sitan ne ya dafa kwalta, nauyi ya bar kan taya ke nan ya koma kan ƙarfe, ƙarfe kuwa ba ya riƙe titi. Daga nan sai zamiya, wataƙila a gaban tirela.

Akwai kuma wasu larurori. Shokozoba da aka gajarta ba ta da wurin lotsawa in an faɗa rami. In baya kaɗai aka sauke, kan babur sai ya yi nauyin juyawa. In gaba kaɗai ne, sai ya yi rawar kai.

Wani zai ce ai a gasar MotoGP, inda ake kwantawa fiye da digiri 60, an ga babura na durƙusawa. Gaskiya ne, kamfanin Ducati ne ya fara yayin wannan na'ura. Sai dai amfaninta a wajen tashi ne da fitowa daga kwana, don kada gaba ya ɗaga sama in an ba da wuta. Da an taka birki za a shiga wata kwanar, babur ya koma tsayinsa. Ƙa'idojin 2027 ma sun hana ta baki ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗan acaɓa, wanda bai taɓa zuwa wurin makanike neman ragi ba, amma kullum yana rage wa Bajaj ɗinsa tsayi bai sani ba. Fasinja biyu da buhun masara a kan shokozobar da ta gaji, ai sun wuce santimita 5 ɗin nan. Kwanar da ya sha da safe shi kaɗai lafiya lau, da yamma da lodi ba ita ba ce.

Ban ce ragin ba shi da rana ba. Gajeren mutum da ƙafarsa ba ta kai ƙasa a cunkoson bakin kasuwar Madalla yana da hujja, domin faɗuwa a tsaye ma faɗuwa ce. Shawarata gare shi ita ce ya fara da rage soson kujera, wanda bai taɓa sararin ƙasan babur ba. In kuwa dole sai an sauke, a sauke gaba da baya daidai, a gajarta sitan ɗin gefe don kada babur ya tsaya ƙiƙam iska ta kayar da shi, sannan ya rage gudu tun kafin ya shiga kwana, ba a cikinta ba.